Cokalin da ke hannun surukata

Salama gare ku 'yan'uwa. Tun kafin damina ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun fara tambayar fasto ko tsohon malamin nan na Tsibiri ya tafi gida ne. Ban tafi ba tukuna. Da yatsa ɗaya na hannun hagu nake rubuta wannan, sai ku yi haƙuri da ni.

Abin ya fara ne da ciwon ƙeya da jiri. Na ɗora wa rana laifi, na ci gaba da harkata. Ban taɓa zuwa an auna mini tansiyo, wato hawan jini, ba, don a ganina wanda bai kwanta ba me zai kai shi wurin likita.

Wata Lahadi da safe ina shirin tafiya sujada, kofin shayi ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in yi kira, maganar ta fito a murguɗe. Maƙwabcina Malam Isuhu, wanda katanga ɗaya ta raba mu tun muna samari, shi ya nemo mota ya kai ni Maraɗi.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, aka saka mini ƙarin ruwa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama. Hoton da magunguna sun ci kuɗi, sai da muka ba da jinginar 'yar gonar zogalen da nake da ita a Jiratawa. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Matata ta riga mu gidan gaskiya. Autana Ishaku ya zo daga Yamai, amma wurin aiki ba su bar shi ya daɗe ba. Jinya ta faɗa kan matarsa Rahila, wadda ta rufe shagon ɗinkinta na Sabon Gari, ta shimfiɗa tabarma a gefen gadona, ga ta da tsohon ciki.

To a nan gizo ke saƙa. Mu yadda aka tashe mu, mutum ba ya cin abinci a gaban surukarsa, balle ta ba shi a baki. Kuma ɗan halak ba ya ci da hagu. Kun san ni, na sha yin faɗa a nan kan yaran yanzu da ke zama kafaɗa da kafaɗa da surukansu ana shewa. Hannun dama ya mutu, na hagu ban yarda da shi ba, na Rahila kuma ya fi ƙarfina.

Sai na koma dabara. Da ta taso da kwanon kunu sai in rufe ido kamar mai barci. Ranar da Malam Isuhu ya samu zuwa, shi ke ba ni, yana yi mini tsiya wai ga jaririn da ya zo duniya da furfura. Ranar da bai zo ba, in kwana da yunwa. Na rame, ƙafar da ta fara motsi ta koma ta kwanta. Likita ya tsaya a kaina ya gaya mini ba kwana-kwana: ciwon ya tsaya, amma idan na ci gaba a haka yunwa ce za ta ƙarasa ni. Na ji shi, na kau da kai.

Rahila ba ta taɓa yi mini gardama ba. Takan ajiye kwanon, ta rufe, ta koma tabarmarta.

Wata tsohuwa mai jinyar mijinta a gadon kusa ita ta tona. Ta matso ta ce mini yarinyar nan tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, duk lokacin da na ƙi ci ita ma sai ta rufe nata kwanon. Na juya na dubi Rahila sosai, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidanmu. Leɓunanta sun bushe, tana tallafe da cikin da hannu ɗaya.

Da bakina karkatacce na tambaye ta dalili. Ba ta ɗago kai ba, ta ce: "Baba, ni ban iya ci in bar ka. Ubana ya rasu ina ƙarama, ban samu na yi mashi jinya ba. Kai Allah ya ba ni."

Na yi kuka, ni da nake gadarar ban yi a gaban mace. Na roƙi Ubangiji a zuciyata ya sauƙaƙa mini, sannan na buɗe baki. Kunun gyaɗa ne, har ya huce, rabinsa yana zuba a gemuna tana sharewa da gefen mayafinta. Da na gama na ce sai ita ma ta ci a gabana, ta ci.

Daga nan jiki ya fara dawowa. Masu gashin ƙashi na asibiti suka koya mini tsayuwa, daga baya tafiya da sanda. Yanzu ina zuwa sujada da ƙafata, a hankali. Rahila ta sauka lafiya, mun samu 'ya mace.

Ban ce a zubar da kunya ba. Ita ta riƙe gidajenmu, kuma har gobe ba na son rawar kan zamani. Amma tawa ta kusa kashe ni, ta kusa haɗawa da jikata tun ba ta zo duniya ba.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya tashe ni. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da matan zumunta da suka yi ta kawo abinci da addu'a, da Malam Isuhu duk da tsiyarsa. Rahila, Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Tsarana, ku je a auna muku tansiyo ko kuna jin garau, ku rage gishiri, ku sha magani ba fashi. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take. In kuma kun kwanta aka miƙo muku cokali, kada ku tsaya duba hannun wa ne. Ku buɗe baki, don wataƙila mai miƙowar ma ba ta ci ba.