Na Shanya Malam a Rana

Wa zan tuhuma, ni ko kakata? Shekara shida ke nan da rasuwar Malam, har yau ban samu amsa ba.

A Madabo na tashi. In an yi sallar isha'i, kakata Iya Delu takan tara mu a bakin murhu, tana juya gyaɗa a kasko, mu kuma mun zuba wa bakinta ido. Akwai tatsuniyar da ba mu gajiya da ita, ta 'yan mata biyu masu gyambo a ƙafa. Babbar ta ji kunya, ta ɓuya a ɗaki ta lulluɓe nata da zane. Ya ruɓe, kura ta biyo warin ta cinye ta. Ƙaramar ta hau soro ta miƙa wa Rana ƙafarta, Rana ta lashe gyambon tas.

"Kun ji dai, 'yan nema," in ji Iya. "Ciwo kamar kuɓewa yake, shanya shi ake yi." Sai ta kwaikwayi kura tana tauna ƙashi, mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Mijina, Malam Habu, zabiya ne. Shekara talatin yana kasa kayan yaji a bakin Kasuwar Kurmi, ba rumfa. 'Yan dako suna tsokanarsa: "Bature, yau ma ka nuna!" Da wani ƙurji ya fito masa a kunne, yana ɓawo yana jini ya ƙi warkewa, sai na tuna Iya. Kullum da azahar in hau da shi soro, in cire masa rawani, in juya kunnen ya kalli rana.

"Rabi, da zafi," yakan ce.

"Malam, daure. Maganin ne ke shiga."

Bazara biyu muka yi a haka, ciwon na cin gaba har wuya. Da ɗanmu ya kai shi asibiti, wata likita ta tambaye ni, "Mama, yana yawan shiga rana?"

Har da alfaharina na ce, "Ai ni da kaina nake shanya shi."

Ta ajiye biro. Ta ce ciwon daji ne na fata, kuma rana ce ta kawo shi. Da mun zo yana ɗan ƙurji, yanke shi kawai za a yi, a ba Malam man shafawa, ya riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, ya nemi inuwa. Malam yana zaune yana ji. Bai ko kalle ni ba.

Aka cire kunnen, aka yi ta gasa wurin da na'ura. Amma ciwon ya riga ya yi nisa.

Iya ba ta taɓa riƙe zabiya ba, gyaɗa kawai take soyawa tana ba yara dariya. Ni ce na ɗauki tatsuniya na hau soro da ita.

Ranar da zai cika, hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a kan shimfiɗarsa. Ya lalubo hannuna.

"Rabi, saki labulen nan. Ranar ta ishe ni haka."