Huseina Mai Cuku da Tafiyar Abijan

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Tawa ya san Huseina mai cuku. Doguwa ce mai wushirya, ba ta da yawan magana. Daga hannun matan Abzinawa na wajen Takanamat take saro cukunta, har bakinta ya saba da ciniki da Tamashek.

A Barmu aka haife ta, ita da tagwaininta Hasana, kuma shekara guda aka yi masu aure. Hasana ta shiga haihuwa bi da bi, Huseina kuwa shiru. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta yi jelen asibiti har ta gaji. Da Hasana ta yaye 'yarta ta uku, Shamsiya, sai ta goyo ta zuwa Tawa, ta sauke ta a cinyar Huseina.

"Ga ɗiyarki," in ji ta. "Ni nono kaɗai na ba ta."

Mijin Huseina, Muktari, yana Abijan kamar yawancin mazan yankinsu na Adar, yana sayar da kifi da acake, wato dambun rogo, sai damina yake zuwa gida. A can ya ji labarin wani asibiti da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje, in ya haɗu a mayar mata cikin mahaifa. Suka tambayi limamin unguwarsu, ya ce in dai na miji da matarsa ne, babu laifi. Muktari ya sayar da filinsa na bayan gari, Huseina ta bi shi Abijan.

Dashen farko bai kama ba. Ta dawo Tawa a rame, ta daɗe ba ta fita tasha ba. Shamsiya ce mai dama mata kunu, ta zauna kusa da ita har sai ta shanye.

Da shekara ta kewayo, Muktari ya lallashe ta suka koma. Likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta yi dogon bayani da Faransanci, Muktari yana fassarawa yana gumi.

"Ta ce ƙwan naki shina da ɓawo mai kauri, wataƙila shi ya hana shi hita ya kama jikinki. Za su huda ɓawon da wuta."

Huseina ta miƙe tsaye, ta ja mayafinta. "Wuta? Maigida, mu tahi gida. Ba a ƙona min ɗa ba tun bai zo duniya ba."

Likitar ba ta ji Hausa ba, amma ta ga fuskarta. Ta kama hannunta, ta zaunar da ita gaban na'ura, ta nuna mata hoton wani ɗan ƙwai kewaye da zobe. Ta nuna gefen zoben da bakin biro, inda aka yi 'yar ƙofa, cikin kuma lafiya lau. Muktari ya sake tambaya, ya sosa ƙeya.

"Ni na ɓata magana. Ba wuta ba ce, haske ne, leza suke ce mishi, ya hi gashi siranta. Ɓawon kaɗai yake taɓawa. Amma ta ce in hwaɗa miki gaskiya: wasu shina taimaka musu, wasu a'a."

Huseina ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Bismillahi. Su yi."

Wannan karon ya kama. Ranar da aka tabbatar masu, Muktari ya durƙusa a barandar asibitin yana kuka, ita ce ma ta ce ya tashi mutane na kallo.

Ta dawo Tawa da cikinta, gida ya cika da masu barka. Sai dai Shamsiya, wadda ta kai ajin ƙarshe na firamare, ta daina surutunta. Wata ranar Asabar da hantsi Huseina ta shiga ɗaki ta tarar da ita tana cusa tufafinta cikin jakar lakwal, wadda take zuwa makaranta da ita.

"Ina zuwa haka?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ɗiyan maƙwabta sun ce in kin haihi taki, Barmu za a maida ni. Na ce gara in shirya, Inna, kada ki ji nauyin hwaɗa min."

Huseina ta zauna bakin gado. Ta jawo yarinyar, ta ɗora tafinta a kan cikin.

"Wa ya hwara ce min Inna a duniyar ga?"

"Ni."

"To wanga da ke ciki ƙaninki ne ko ƙanwarki, a bayanki zai zo. Ko Hasana ta zo da kanta, ba ta hita da ke ƙohwar gidan ga."

Shamsiya ta kifa kai a kafaɗarta, suka yi kukansu tare. Daga baya suka zazzage jakar, suna ninke kayan ɗaya bayan ɗaya.

Mace aka haifa, ana tsakiyar girbin hatsi, aka raɗa mata Nasiratu. Hasana ta zo daga Barmu ta yi mata wankan jego, ta koma ita kaɗai.

Tun daga nan mata kan shigo gidan Huseina da la'asar, su yi ta kewaye-kewaye kafin su kai ga tambayar da ta kawo su. Takan faɗa masu yadda aka yi mata duka, har da matan da suka zauna layi tare a Abijan suka koma gida hannu wofi. Wata ta fita da murna, wata ta fita da hawaye. Ita dai ba ta barin kowacce ta tashi sai ta sha fura, sannan ta raka ta har bakin titi.