Masuncin Ƙanƙara da Kaskon Garwashina

Shekarar da aka kai ni ɗakin mijina a unguwar Misfala ta garin Makka, ba a daɗe da fara kawo kifin Jidda Makka a mota cikin ƙanƙara ba. Shi ɗan masunta ne, daga ƙasar Yawuri ya tako da ƙafa tare da mahaifinsa. Da wani mai shagon kifi ya ga yadda yake riƙon kifi, nan take ya ɗauke shi aiki.

Bayan shagon akwai wani ɗaki marar taga. A nan ake farfasa ƙanƙara a binne kifin. Maigida ke shiga tun bayan sallar asuba, ya tona, ya zaƙulo wanda mai saye ke so, ya miƙo, ya sake binne saura. Ruwan da ke narkewa kuwa har idon sawu, shi kuma daga shi sai takalmin fata. Ni da bakina ba ya shiru, na raɗa masa suna masuncin ƙanƙara. In ya dawo in tare shi da, "Sannu da zuwa, sarkin ruwa! Yau kogin ya kawo?" Ya yi murmushi kawai, ya wuce.

Tsokanar ta fita raina ranar da na lura da inda yake zama. Azahar tsaka, ranar Makka tana dukan duwatsu, kowa na neman inuwa, shi kuwa sai ya miƙe ƙafafu a tsakiyar rana. Na duƙa na duba. Sun yi fari fat, sun yamutse kamar hannun mai wanki. Na mintsini babban yatsan, na sake mintsina da mugunta, mutumin nan ko gezau.

Na ce, "Maigida, ka faɗa wa mai shagon nan."

Ya ce, "In ce masa me? Sanyi nake ji, a Makka? Mutum goma na ƙofa suna jiran in yi tari."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Ba mu da gona, ba mu da dangi mai hali. Ƙafafun nan su ne tukunyarmu, ranar da suka kasa tsayuwa mun shiga uku. Tsoro ya kama ni sosai.

To, a gidanmu maganin sanyi wuta ne, ban taɓa jin wani ba. Washegari na cika kasko da garwashi, na zaunar da shi bakin gado, na tura kaskon ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya jingina da bango. Na koma wajen murhu ina jin kaina wata gwana. Can sai na ji ƙauri. Wallahi har tsaki na yi, na ce maƙwabta sun fara babbakar kan rago da tsakar rana. Da na leƙa ɗaki, ƙafarsa ta hagu ta zame ta sauka a kan garwashin, shi kuma yana ta barcinsa.

Ihun da na yi ne ya fito da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Buhara da muke kira Hala. Larabcinta a karye, nawa a gurguje, amma zagin da ta yi mini ban rasa ko kalma ɗaya ba. Ta shure kaskon. Ta ce a ƙasarsu ƙanƙara daga sama take zubowa ta rufe gari, kuma ko yaron goye ya san ƙafar da sanyi ya kashe ba ta jin wuta. Ruwa mai ɗumi kaɗan ake sa ta, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. Ta wanke ƙunar, ta naɗe da farin ƙyalle, tana yi tana harara ta. Ni dai ina tsaye, hawaye shaɓe-shaɓe.

Ƙunar ta ƙi warkewa. Kwana shida yatsu biyu na gefe suka yi baƙi, suka fara wari. Muka ɗora shi a jaki zuwa asibiti. Likitan ya duba, ya ce yatsun sai an cire, da mun ƙara kwana biyu da ƙafar ce gaba ɗaya. Sannan ya tambaya me ya jawo haka. Na buɗe baki ke nan, Maigida ya riga ni. Ya ce, "Ƙanƙara ce."

Wajen wata biyu yana kwance. Ni na riƙe gidan da ƙosai da kunu a ƙofar gida. Hala kuwa kullum sai ta shigo, ba sallama, ta zauna ta yi mana karatu. Ta kawo safar ulu ƙafa biyu ta marigayi mijinta, da wani ƙaton takalmi mai dogon wuya. Ta ce kada a kuskura a matse ƙafa, a bar wa yatsu wurin motsi. A shafe ta da kitsen rago kafin a sa safa. Safa ɗaya a ƙafa, ɗaya a cikin riga jikin ciki, da wadda ke ƙafa ta jiƙe a sauya. Ta ce ya nemi katako ya riƙa tsayawa a kai, kuma duk ran da ya bari shayinsa ya huce bai fito ya sha ba, ita da shi ne. Maigida ya ce, "To, Hala," kamar ɗanta.

Mai shagon ya sa wani a gurbinsa, amma wancan sati uku ya yi ya gudu. Haka Maigida ya koma, da katakonsa a hammata, yana ɗingishi. Ya yi shekaru a ɗakin ƙanƙarar nan, ƙafar ba ta sake mutuwa ba. Ɗingishin dai ya zauna masa har ƙarshen rayuwa, kuma kowane taku nasa a ƙirjina yake sauka.

Duk wanda ya tambaye shi yatsun, amsa ɗaya ce. Abokansa, 'ya'yanmu da suka taso, har alhazan garinsu da ke sauka wurinmu, kowa ƙanƙara ya sani. Abin ya daɗe yana cina. Wata rana da la'asar, furfura ta riga ta fito mana, ina shafa masa kitse, hannuna ya kai wurin da babu yatsun. Na kasa daurewa.

Na ce, "Haba Maigida, har yaushe za ka yi ta ɗora wa ƙanƙara laifina? Ni na ƙona ka. Ka faɗa ko sau ɗaya, in huta."

Ya dubi ƙafar. Sannan ya ce, "Ke kin san abin da na tuna a ranar nan? Na dawo gida, na tarar wani ya hura wuta saboda ni. Tun rasuwar innata ba a yi mini haka ba. Shi zan kai ƙara?"

Ya miƙo mini ɗaya ƙafar. Na ci gaba da shafawa, ba na ko ganin abin da nake yi.