Mawaƙiyar da Na Fi Ɗauka a Hoto

Lokacin da na buɗe shagon hoto a unguwar Kakuri ta Kaduna, masaƙu suna aiki, kusan kowace Asabar akwai biki. A wurin wani bikin aure na fara ganinta. Mawaƙiya ce 'yar kudancin Kaduna, tana waƙa da yarensu tana haɗawa da Hausa, ga akayau a ƙafa. Amarya aka kira ni in ɗauka, amma rabin fim ɗina a kan mawaƙiyar ya ƙare.

Da na wanke hotunan, na kai mata ɗakin da take haya a unguwar Nasarawa. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Malam mai hoto, ashe haka nake in rawa ta ɗebe ni?"

Tun daga ranar, duk inda aka gayyace ta sai ta aiko a kira ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, Mama nake ce mata. Ranar Kirsimeti takan aiko wa iyalina shinkafa da kaza, da Sallah mu ma mu kai mata nama. A kanta na koyi haƙurin sana'ata, domin ba ta tsaya wa kyamara, sai dai ka jira ta.

Sannu a hankali masaƙu suka rufe. Masu biki suka koma kiɗan na'ura. Makaɗanta suka watse: wani ya kama tuƙin keke mai ƙafa uku, mai ganga kuma ya rasu. Gwiwoyinta suka fara kumbura. Ni ma kasuwata ta ja baya, tunda kowa na da waya a aljihu.

Gayyata ta ƙarshe daga Barnawa ta zo, wani tsohon ma'aikaci yana aurar da jikarsa. Na raka ta. Ta fara waƙa lafiya, sai muryar ta sarƙe a tsakiya. Matasa suna ta hirarsu. Mai gabatarwa ya karɓe lasifikar yana cewa a tafa wa Mama. Na sauke kyamarata.

A cikin keke, muna hanyar gida, ta ce, "Ka ɗauka?"

Na ce, "A'a, Mama."

"Da ina da ƙarfi ka bi ni ko'ina. Yanzu kuma kunyata kake ji? Gobe ka zo da abin aikinka."

Na je da safe. Ta fito da kujera ƙofar ɗaki, ba hoda, ba ɗankwali, furfura a waje, ƙafafu a kumbure. Ta ce kada in gyara komai. Na yi ta ɗauka, idanuna suna cika da hawaye har ba na ganinta sosai. Ban taɓa yin aikin da ya kai na ranar ba, kuma har yau ban iya rataye ko ɗaya a bango ba.

Da damina ta faɗi, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, 'yarta ta mayar da ita ƙauye. Na je dubiya sau ɗaya. Ta gane ni, ta riƙe hannuna gam, amma bakin ba ya fitar da magana.

Rasuwarta kuwa a bakin wata maƙwabciyarta na ji, mun haɗu a kasuwa. A lokacin har an riga an binne ta. Na tsaya a gefen masu tumatir, na ma manta abin da na zo saya.