Gyartan da Iya Ba Ta Faɗi Sunansa Ba

A gidanmu na Kura ba a hura wuta musamman don tatsuniya. Wutar turara shinkafa ce muke cin albarkacinta. Kakata, wadda muke kira Iya, ita da mahaifiyata sukan wuni suna turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a manyan tukwane, idan an sauke ta ƙarshe bayan magariba sai garwashi ya rage, mu kuma mu jawo buhuna mu kewaye shi. Lokacin tumatir ne, sanyin da ke tasowa daga kanal, hanyar ruwan noman rani, yana ratsa ƙashi. Iya takan tura dankali cikin toka, ta harare ni ta ce, "Kai maigida, miji ba cefane, matsa ka ba ni wuri." Gaskiyarta ne, ko gishiri ban taɓa kawo mata ba.

Babanmu likitan tiyata ne a wani asibiti kusa da mu. Sunansa Auwalu, amma a gari Dokta kawai ake cewa. Abokan karatunsa duk sun yi gaba, wasu birni wasu ƙasar waje, shi ya zauna. Daga Bunkure, daga Kadawa, har daga Madobi ake kawo masa masu gwaiwa, da matan da naƙuda ta ƙi, da waɗanda injin ban ruwa ya cafke wa hannu. A gida kuwa shi ke yanke mana farce duk Juma'a, shi ke bin mu da tsumagiya idan muka shiga kanal wanka, don tsoron tsargiya. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a ɓoye: ko gyaɗa zai ci sai ya wanke hannu har gwiwar hannu.

Shi ne ɗan farin Iya, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan," take cewa, ko "mutumin gidan nan." Idan ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take kallo ta amsa. Idan baƙi suka zo suna yabonsa, sai ta ce, "Uhm. Bana dai albasa ta yi arha." Abin yana ƙona mini rai. A lissafina na yaro, tsohuwar nan ba ta son ubana, shi ke nan.

Ina ƙarshen firamare, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari, aka kawo masa Yohanna. Ɗan Bitrus ne, wani mutumin Filato da ke aiki a gonakin tumatir. Tare muke ƙwallo da Yohanna, sau da yawa a kwanonmu yake cin tuwo. Taifod ce ta huda masa hanji, kuma an daɗe ana ba shi maganin kemis kafin a zo. Baba ya yi masa aiki, yaron bai tashi ba.

Ba shi ne na farko da ya mutu a hannunsa ba, amma wannan ya karya shi. Ya dawo ya ɗora jakarsa a kan sif, ya ce wa mahaifiyata, "Na gama da wuƙa." Ya shige ɗaki. Mutane na zuwa ƙofar gida da marasa lafiya, ana ce musu su wuce Kano, alhali wasunsu ba za su kai Kano ba. Liman ya zo ya yi magana. Bitrus da kansa ya zo, idonsa jawur, ya ce, "Dokta, Allah ne ya ba ni, shi ya karɓi abinsa." Baba ya kasa ko ɗaga ido ya dube shi.

Na ji da kunnena ranar da mahaifiyata ta durƙusa wa Iya. "Iya, ke kaɗai ce ba zai ƙetare maganarki ba."

"Ni? Me ya haɗa ni da shi? Tashi ki duba tukunyarki, tana ƙauri."

Da yammar nan sai muka ga ta ja kujerarta ta kai kusa da tagar ɗakin Baba, wai hayaƙi na damunta a wancan gefen. Ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da kullum. "To, ga ta nan ta iso, wa zai yi mata shimfiɗa?" Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai a wani gari an yi wani gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Duk ƙwaryar da ta tsage, ta nono ce ko ta fura, idan ta shiga hannunsa sai ta koma riƙe ruwa. Masu kuɗin birni suka aiko ya zo ya riƙa ɗinke musu akushi, ya ce to wa zai bar wa ƙoren garinsu? Wata rana aka kawo masa wata 'yar ƙwarya kyakkyawa, ashe gara ta cinye cikinta tun tana rataye. Yana soka basilla ta ruguje a hannunsa. Gyartai ya yi baƙin ciki, ya je ya jefa basillarsa a rafi, ya rufe ƙofa. Daga nan gari ya rikice. Nono na zuba a ƙasa, yara na kuka, mata na tara fura a tafin hannu.

Sai wata tsohuwa, in ji Iya, ta ɗaura zane ta shiga rafin nan da sanyin safiya, tana lalube cikin laka har ta samo basillar. Ta je bayan ɗakin gyartai ta tsaya, don ita ba ta shiga. Ta ce, "Ƙwaryar da gara ta ci, ba hannunka ne ya fasa ta ba. Tashi ka wanke hannun nan naka har gwiwa yadda ka saba. Wadda ta haife ka ba ta taɓa kwana ba ta gode wa Allah da ya ba ta kai ba."

Nan ƙanwata Ummi, takwarar Iya, wadda bakinta ba ya da linzami, ta miƙe tana tafi. "Iya, ai Baba ne! Shi ke wanke hannu har gwiwa! Ke ce tsohuwar!"

Ban taɓa ganin kunya irin ta ranar ba. Iya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Mahaifiyata ta saki ludayi ta shige madafa. Ni da ban ce komai ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don na ga abin da bai kamata jika ya gani ba. Iya ta tashi ba ko rufe tatsuniya, ta bar dankalinta ya ƙone a toka. A ɗakin Baba muka ji an yi tari.

Da safe na tarar da shi a bakin randa yana wanke hannu. Ya sauke jakarsa, ya je ƙofar Iya ya durƙusa kamar kullum, ta amsa wa bango kamar kullum. Ya tayar da babur ya tafi asibiti. Babu wanda ya sake tayar da zancen, ita ma ba ta sake yi mana gyartai ba. Idan muka roƙa sai ta ce ta manta.

Ya ci gaba da aikinsa har ciwon zuciya ya ɗauke shi, ina jami'a a lokacin. Ranar zaman makoki tabarmi suka kasa. Wani dattijo daga Bunkure ya ɗaga riga yana nuna mini ɗinki a cikinsa. Bitrus ya wuni yana ɗebo wa masu alwala ruwa. Cikin gida kowa na kuka ban da Iya, tana zaune tana jan carbi, ana yi mata gaisuwa tana cewa, "Haƙuri sai ku." Sai tsohon haushin nan ya taso mini, duk da abin da na gani da idona ina yaro. Na ce a raina ko yau ma ba za ta nuna ba? Har yanzu idan na tuna na yi wannan tunani, kunya ce ke rufe ni.

Bayan mutane sun watse na same ta ita kaɗai a bakin murhu, ba tukunya a kai, tana tona toka da kara. Ta tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin nan.

"Maigida, zauna. Akwai bashin tatsuniya a kaina."

Na zauna. Ta ce gyartai ya karɓi basillarsa, ya yi ta ɗinki har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ƙoren da ya ɗinke suna nan suna riƙe ruwa. Na zaci ta gama, har na buɗe baki zan taya ta rufewa.

Sai ta ce, "Ba ku taɓa tambayata sunansa ba."

Na ce, "Iya, wane ne sunansa?"

Ta ja mayafi kan fuskarta kamar wancan karon. Daga ƙarƙashinsa na ji muryarta.

"Auwalu," ta ce. "Auwaluna."

Yanzu ni ma ina da ɗan fari, ina kiran sunansa tun daga ƙofar gida, ina saɓa shi a kafaɗa a gaban kowa, kuma ba na jin zan daina. Amma na daina auna so da yawan faɗa. Ni kullum nake faɗin sunan nawa, ita sau ɗaya ta faɗa a rayuwarta, kuma sai da ta bari mai sunan ba zai ji ba.