Ranar Ƙetare

Shekara talatin da bakwai Kawu Haris yana sa ranar ƙetare. Idan ambaliya ta fara janyewa bayan damina, ciyawa ta yi kore shar a tsibiran da ke bayan Baturiya, babu makiyayin da zai kora shanunsa cikin ruwa sai Kawu ya ce yau ce. A wurin mahaifinsa ya gaji aikin, ya kuma fi shi iyawa. Yakan shiga har ƙugu, ya taka ƙasa ya ji taurinta, ya jefa kara ya ga inda ruwa zai kai shi, sannan ya fito ya faɗi rana. Ko ɗan maraƙi bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Shi ya sa makiyayan yankin Kirikasamma suka naɗa shi ardo, shi ke sasanta su da manoman shinkafa. Yabo kuwa ya hau masa kai, har yana cewa kogin ma Fillanci yake ji.

Bara ciwon gwiwa ya hana shi shiga ruwa, girman kai ya hana shi faɗa. Ya tsaya a gaɓa yana hange. Mala masunci ya tsai da kwalekwalensa ya ce, "Ardo, ciyawar kacala ta toshe tsohuwar hanya, ruwa ya haƙa rami a nan. A ƙara kwana biyar."

"Mala, ji da tarwaɗarka," in ji Kawu. "Gobe za a ƙetare."

Aka ƙetare. Shanun gaba suka zurma, na baya suka danne su, saiwar kacala ta sarƙe ƙafafu. Goma sha ɗaya suka mutu yana kallo. Har da saniya ɗaya tilo ta Hajo, matar marigayi ƙanensa, wadda da nonon saniyar nan take ciyar da gida.

Abin da ya kashe masa jiki shi ne babu wanda ya ce masa uffan. Hajo ma da ƙafarta ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, sannu da tsayuwa. Haka Allah ya so." Da zaginsa ta yi, da ya samu sauƙi. Kunya ta hana shi zuwa kara, kasuwar shanu, a Hadejia, Juma'a ma sahun baya yake tsayawa.

Bana da ruwa ya janye, Baƙo, babban ɗan Hajo, ya zo da dattawa uku suka zauna a tabarmarsa.

"Baffa, mun zo a sa mana rana."

Kawu ya dubi ƙafafunsu, busasshen taɓon kogi har gwiwa. Ya kasa kunne, babu kukan saniya ko ɗaya a rugar. Ashe tuni sun ƙetar da shanun ba da saninsa ba, sun zo ne kawai don kada ya ji an ajiye shi.

Ya gyara zama.

"Laraba," ya ce.

"Allah ya kai mu," suka amsa, babu wanda ya ɗaga kai.