Kawu Iliya Ya Hana a Ta da Goshi

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Iliya ya san aljihun rigarsa ya zazzago har kusan cibiya. Kada ku zagi tela, nauyin littafi ne. A ciki yake yawo da Huɗar Tanko, labarin da marigayiya matarsa, Inna Dije, ta rubuta tana koyarwa a firamare a Malumfashi, an naɗe shi cikin ledar burodi. Gona, gidan suna, layin fansho, ko'ina tare suke. In kuwa ka kuskura ka kawo magana a gabansa, ko ta farashin taki ce, sai ya lashi yatsa ya ce, "A wane shafi?" Wallahi likita ya taɓa ce masa yana da hawan jini, ya tambaye shi a wane shafi.

Ni ne Bala, ɗan ƙanwarsa, mai shagon iri da maganin feshi a Funtua, kuma ni na jawo rigimar. Injiniya Safiya, 'yar Bakori da ta karanci kwamfuta a Zariya, ta zo shagona ta ce tun tana aji huɗu take son littafin nan, yanzu ita da abokan aikinta za su mai da shi gem, irin wanda ake bugawa a waya. Sa hannun magajin marubuciya kawai ya rage. Na bugi ƙirji na ce, "Kawuna ne, minti biyar ya isa!" Jama'a, minti biyar ɗin nan sai da ya ci damina biyu.

Ranar farko a zaurensa, Safiya ta buɗe kwamfuta. Sai ga wani ƙato a fuskar allo, ƙirji kamar ƙofar sito, ga suma, ga baƙin tabarau.

"Wane ɗan dambe ne wannan?"

"Tanko ne, Baba."

"Tankon wa?" Ya zaro leda, ya lashi yatsa. "Shafi na uku. Gajere, mai sanƙo, yana jan ƙafar hagu tun da garma ta faɗo masa. Wannan naki in ya harari san huɗa, sai san ya ba shi haƙuri."

"Baba, matasa sun fi son jarumi mai kyan gani."

"Su sayi madubi. Rage shi, a aske shi."

Aka rage, aka aske. Da muka dawo sai ya tarar hadari na tasowa daga yamma a cikin gem ɗin. Salatin da ya yi sai da awakin maƙwabta suka watse. "Daga yamma? A ƙasar Malumfashi? Shekara talatin ina malamin gona ban taɓa jin an yi wa gabas juyin mulki ba!" Aka mai da hadari gabas. Sai kuma ya lura masarar gem tana nuna cikin minti uku, ya ce atafau sai ta yi kwana casa'in cif, mai wasa ya riƙe waya ya jira.

A nan ne kaɗai na ga an kayar da Kawu. Safiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, labarin ai na shekara uku ne. Kai a kwana nawa kake karance shi?"

Ya dube ni ya ce, "Bala, yarinyar nan jikar wace ce a Bakori? Gidansu akwai kai." Ya bar masu minti ukun, amma har muka tafi yana ƙunƙuni wai masarar asibiti ce.

Sai aka kawo wani mai zuba jari daga Abuja, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure da minti goma. Ya ce gem ba faɗa ba ya sayuwa: a sa 'yan bindiga su far wa gonar, Tanko ya ɗauki tasa ya yi ta harbi. Kawu bai ko taɓa aljihu ba.

"Alhaji, ka taɓa kallon masararka ta bushe a tsaye don hanyar gona ta gagara?"

"A'a, Baba, amma kasuwa..."

"To mu mun kalla. A nan ba a wasa da bindiga, ko ta ƙarya. Maƙiyan Tanko biyu ne: ciyawar wuta-wuta da ke shanye dawa, da maƙwabcinsa Ɗanjuma da ke cin kunyar huɗa ɗaya daga iyakar gonarsa duk shekara. In 'ya'yanku na jin ƙarfi, su gwada Ɗanjuma."

Alhaji ya tafi da turarensa da jarinsa. Safiya ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata.

Amma babban yaƙin a kan Goshi aka yi. Ga wanda bai karanta ba: Goshi baƙin san huɗa ne na Tanko, mai farin tabo a goshi. A shafi na tamanin da huɗu ya tsinke igiya ya faɗa gyauron dawa, wato sabon tohon nan mai kashe dabba, cikinsa ya kumbura ya mutu a hannun Tanko. Su Safiya suka sa madanni mai cewa "Sake gwadawa": ka danna, Goshi ya miƙe yana kaɗa bindi.

Kawu ya danna sau ɗaya. Ya ga san ya tashi. Ya rufe biron da ya riga ya buɗe don sa hannu.

"Baba," in ji Safiya, "na ba ka sanƙo, na ba ka gabas, na rasa mai jari saboda kai. Shekara biyu muna kan aikin nan. Abokan aikina sun ce in ba madannin nan za su watse, don ba mai buga wasan da ba a ci. Wannan ɗaya ka bar min."

"'Yar nan, zauna. Bayan Goshi ya mutu, wa ya kawo wa Tanko aron sa da sassafe, ko sallama bai iya yi ba don kunya?"

"Ɗanjuma."

"To in Goshi ya tashi, yaushe Ɗanjuma zai zama mutum? Rabin littafin a kan gawar san nan yake tsaye. Malama ba ta nan balle ta ce a'a." Haka yake kiran Inna Dije, bai taɓa kama sunanta ba. "Ni ta bari. Ban yarda ba yau, ban yarda ba gobe, in na mutu ku tambayi Bala, shi ma na hana shi."

Ni da ko tari ban yi ba!

Mako uku shiru. Rannan sai ga Safiya, abokan aikinta biyu sun tafi, madanni ya fita. Ta bar wa mai wasa igiyar a hannu: ka ja iya ƙarfinka, sai ta tsinke. Kawu ya sa hannu, ya kuma ɗora mata buhun masara a bayan mota wai ladan taurin kai.

Da gem ya fito, shagona ya koma kotu. Wannan ya ce sau tara yana ja, wancan ya ce babban yatsansa ya kumbura. Wani direban motar Kafur ya je har gidan Kawu ya durƙusa yana roƙon a yi wa Goshi afuwa. Kawu ya sa aka dama masa fura, ya shanye, sannan ya ce masa, "Je ka yi kukanka, ka ci gaba da wasan. Ɗanjuma na nan tafe." Masu zagin gem ɗin kuwa ba wanda ya goge shi daga wayarsa.

Saura kwana kaɗan Kawu ya kwanta ciwon ajali, na shiga zaurensa bayan la'asar. Na same shi da waya daf da hanci, yana danna fuskarta da yatsan nan nasa mai kaushi, gumi har wuya. Igiyar Goshi yake ja.

"Haba Kawu! Kai fa ka hana."

"Na sani, sarkin surutu." Bai ɗago ba. Igiyar ta tsinke, san ya ruga. Ya ajiye wayar a cinya, ya daɗe yana kallonta. "Ranar da Malama ta rubuta wurin nan, kwana biyu ba ta ci tuwo ba. Na ce mata ki bar shi da rai mana, ai biro a hannunki yake. Ta ce, Malam, ba zai yiwu ba." Ya share ido da bakin riga. "Ka ga ni ma an hana ni."

Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa. Ya sada shi da Malamarsa a Aljanna, inda ba a rabuwa. Amin.